Ina samu amma kuɗi ba sa kwana a hannuna

"Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce, shekarata 34, ina da aure da yara uku, kuma ina saida atamfa da leshi ta WhatsApp. Alhamdulillah ina samu, wani watan ribata ta fi albashina, amma wallahi ko sisi ban da shi a ajiye. Da kuɗi sun ɗan taru sai hankalina ya ƙi kwanciya kamar na yi wani laifi, sai na rabar ko na yi anko ko na ranta wa wani sannan nake samun natsuwa. Ƙanina ya ci min jari sau biyu na kasa buɗe baki in tambaya. Hajiyarmu tun muna yara take cewa mace mai tara kuɗi ba ta zaman aure. Wannan maganar ce ta bi ni ko ni ce ban da tsari? Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Bari in maimaita tambayar yadda na fahimce ta don kar mu yi ta magana a gefe. Nema dai kin iya shi, wadda ribarta ke wuce albashi ba za a zaunar da ita ana koya mata kasuwanci ba, abin da ya gagare ki shi ne kuɗin su kwana a hannunki ba tare da kin ji kamar kin zalunci wani ba. Kuma kina so ki san ko maganar Hajiya ce ko rashin tsari. Duka biyun ne, amma ɗaya ne ya haifi ɗaya, shi ya sa in kika fara da tsari kawai, irin a sayi littafi a ja layi a rubuta kasafin wata, ba za a je ko'ina ba za ki watsar. Na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin mata masu adashi da ƙananan sana'o'i, birni da ƙauye, kuma irin wannan ƙorafin naki na fi jin sa a bakin mata masu samu fiye da marasa shi.

Karatun da aka yi mana ba mu san ana yi ba

A 2013 wasu malamai biyu na Jami'ar Kambirij ta Ingila sun fitar da rahoto cewa ɗabi'un da ke juya yadda mutum zai riƙe kuɗi, irin haƙurin jira da tsara abu kafin a yi shi, sun riga sun fara kafuwa tun yaro yana wajen shekara 7. Akwai kuma wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Brad Klontz, da ya raba tunanin mutane kan kuɗi gida huɗu, masu gudun kuɗi suna ganin ba su cancanci su riƙe ba, masu ganin kuɗi ne maganin komai, masu auna darajarsu da abin da suka mallaka, da masu tsaro da ɓoyewa. Ke kin fi kama da ta farko. Amma su a kan mutanensu suka yi binciken, namu sai mun leƙa tsakar gidanmu.

Kinga 'yar Bahaushe tana sanin kuɗi da wuri ƙwarai, wani lokacin ma kafin ɗan'uwanta namiji. Ki tuna yarinyar da ke dawowa daga talla gab da magariba, ta sauke tire, ta kwance bakin zani ko ta zazzage ɗan gwangwani a gaban uwa, uwa ta baje kuɗin a faifai tana ƙirgawa tana duba ƙuli-ƙulin da ya rage, yarinyar na tsaye tana kallon fuskarta. In sun cika a ce Allah ya yi albarka je ki ci tuwo, in naira ashirin ta yi ciwon kai ranar sai maƙota sun ji. Yarinyar nan ta iya canji, ta iya ciniki, ta san wa ke cin bashi ba ya biya, ta san ƙofar da ake siya da wadda ake wasa da hankalinta. Abu ɗaya ne ba a taɓa bari ta yi ba, ta riƙe kuɗin ta yanke shawarar abin da za a yi da su. Hannunta ya zama kamar mazurarin mai saida man gyaɗa, mai na bi ta ciki kullum amma ba a yi shi don ya riƙe ba. In ta tambaya a ce ai na kayan ɗakinki ake tara miki.

Wannan ba sabon abu ba ne, wata mai bincike Polly Hill da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960 ta rubuta yadda matan kulle ke juya ciniki mai yawa daga cikin gida, ita kuma Enid Schildkrout a Kano a shekarun 1970 ta nuna cewa yara ne ƙafafun wannan cinikin, kuma abin da 'yan mata ke samu a talla yawanci kayan ɗaki yake tafiya. Shi kuwa namiji in aka kai shi Kwari ko Sabon Gari yaron shago, abu na farko da ubangidansa zai cusa masa shi ne uwar kuɗi ba a taɓa ta, kuma yana sa ran ranar da za a sallame shi da jarinsa. Ɗaya an koya masa kuɗi na haihuwa, ɗaya an koya mata kuɗi na wucewa.

Za ki ce ai ke 'yar boko ce ba ki yi talla ba. Toh goron Sallah fa? Kin yi yawon Sallah kin tara sababbin kuɗi, kin dawo aka ce kawo in ajiye miki, har yau ba ki ƙara jin labarinsu ba. Ba mugunta ba ce, sau da yawa da su aka yi cefanen washegari, amma yarinya abin da ta ɗauka shi ne duk abin da ya shigo hannuna akwai wanda ya fi ni haƙƙi a kai.

Maganar Hajiya

Ba na son mu yi wa iyayenmu rashin adalci a nan, don Hajiya ba ta ƙirƙiro maganar daga sama ba, abin da ta gani ta faɗa. A zamaninsu, kuma har gobe a gidaje da yawa, ranar da miji ya gane matarsa na da tsabar kuɗi ranar kuɗin cefane ke fara raguwa, dangi su fara zarya, kishiya ta sa ido, a fara cewa ta fi ƙarfin miji. Sai mata suka yi dabara, suka daina ajiye dukiya a siffar kuɗi. Suka maida ta kwalla da tasa da samira a jere har rufin ɗaki, suka maida ta akuya a ƙauye wajen wata 'yar'uwa, suka maida ta ɗan kunne da sarƙar gwal. Wannan jeren da muke wa dariya yanzu shi ne bankinsu, in aure ya mutu shi mace ke kwashewa ta tafi da shi, in ciwo ya zo a ɗauki kwalla biyu a kai wa dillaliya. Kenan Hajiya da kanta tana tarawa, kawai ta tara ne a inda ba za a kira shi tari ba. Ke kuma sai kika gaji tsoron ba ki gaji dabarar ba, ga shi kayan ɗakin yanzu gado ne da kujeru da labule, waɗanda in kika tashi saidawa bayan shekara biyu sau da yawa ko rabin kuɗinsu ba za ki gani ba.

Sai kuma yabo da zagi, nan ne abin ke taɓa yadda mace ke ganin kanta. Ki saurari yadda ake yabon mace a wajenmu, wance ai abin hannunta bai rufe mata ido ba, wance akwai zumunci, ko zaninta ka roƙa za ta ba ka. Ki saurari zagin kuma, marowaciya, ta cika son abin duniya, idonta idon naira. Namiji in ya tara ya sayi fili a ce yana da zuciyar nema. To yarinyar da ta tashi tana jin wannan kullum me za ta ɗauka? Za ta ɗauka darajarta na cikin abin da ya fita daga hannunta. Shi ya sa in alat ya shigo balans ya ɗan yi nauyi kike jin ƙirjinki ya yi nauyi shi ma, don a can ƙasan zuciyarki kowace naira da ta kwana shaida ce a kanki cewa kin zama irin matar da ake zagi. Natsuwar da kike samu bayan kin rabar, ki lura da kyau, ba duka ba ce daɗin kyauta, wani ɓangaren sauke laifi ne. Ana gane bambancin da abu ɗaya, kyautar da aka yi da daɗin rai ba ta barin haushi, amma wadda aka yi don tsoro bayan kwana biyu za ki ji kina jin zafin wanda kika ba.

Kuma yana fitowa a ciniki. Na zauna da wata mai ɗinki, hannunta kamar me, kayanta har daga wasu garuruwa ake aiko mata, muka ɗauki riga ɗaya muka lissafa zare da shafi da man janareto da kuɗin yarinyar da ke mata guga, sai ga shi abin da take karɓa da ƙyar ya rufe wannan, wahalarta kyauta take yi. Na ce me ya hana ki ƙara kuɗi, ta ce Anti kunya nake ji, sai in ga kamar za a ce na ɗauki kaina wata tsiya. In kwastoma ta tambaye ta nawa ne sai ta ce kawo abin da ya sawwaƙa. Ki duba littafin bashinki na atamfa, ina kyautata zaton akwai sunayen da kin riga kin yafe a zuci ba don kin so ba.

Biki ma haka. Littafin nan da ake rubuta wance ta kawo kaza, ranar nata ki mayar da ninki, asalinsa taimakon juna ne mai kyau kuma ya rufa wa mata da yawa asiri ranar haihuwa da aurar da 'ya, ba zan ce ki fita daga ciki ba. Amma anko kala uku a biki ɗaya ba ya cikin wannan lissafin, ba wanda zai mayar miki da shi.

Ba kowace mace ce tsoron ke fito mata ta hanyar rabarwa ba. Wata ƙanƙamewa take yi ta ɓoye ko ciwo take ba za ta taɓa ba, kuma mun ga ƙarshen wannan a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, mata suka fito da kuɗin da suka shekara suna binnewa a ƙarƙashin katifa da cikin kwalla, ba su da asusun banki ba su da BVN, dole suka danƙa wa miji ko ƙani ya kai musu, wasu an dawo musu da shi wasu har yau ana cewa ana nan ana bi. Wata kuma cewa take ni ban iya lissafi ba Alhaji ne ya sani, sai ranar da Alhaji ya faɗi a tarar ba ta san ko shago nawa yake da shi ba balle wa yake bi bashi. Binciken EFInA, ƙungiya mai nazarin harkar kuɗi a Najeriya, na 2020 ya nuna sama da rabin manyan mutanen Arewa maso Yamma ba sa cikin kowane irin tsarin hada-hadar kuɗi, kuma a ƙasar gaba ɗaya mata sun fi maza zama a waje.

Addini bai ce haka ba

Na ware wannan don mata da yawa sun haɗa maganar iyaye da maganar Allah sun ɗaure waje ɗaya. Suratun Nisa'i aya ta 4 ta ce a ba mata sadakinsu kyauta, nasu ne, ba na uba ba. Aya ta 7 ta ba su rabo a gado, aya ta 32 ta ce maza suna da rabo daga abin da suka nema mata ma suna da rabo daga abin da suka nema. Ci da sha da tufa da wurin zama a kan miji suke ko da matar ta fi shi kuɗi. Nana Khadija attajira ce, dukiyarta Manzon Allah (SAW) ya kai Sham fatauci kafin aurensu. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da ta tambaya ko za ta iya ba mijinta da marayun da ke hannunta sadaka, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka, kinga ai ba a kiran abu sadaka sai in na mai bayarwa ne kuma da zaɓinsa ya bayar. Sannan Suratul Isra'i aya ta 29 ta hana ƙuƙunce hannu a wuya ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya koma abin zargi yana nadama. Mu rabin farko kawai ake karanta mana. A mazhabar Malikiyya ma akwai maganar cewa matar aure in za ta yi kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta miji na da ta cewa, wannan da batun zakkar gwal ɗin da aka saya don ajiya ba don ado ba ki kai su gaban malami ya warware miki, ni ba fagena ba ne fatawa.

Abin da na ga yana aiki

Tunda matsalar ita ce kuɗi a hannu suna ƙona ki, kar ki dogara da ƙarfin zuciya, ki nisanta su da hannun. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara a yankin Maraɗi ta Nijar mai suna Mata Masu Dubara, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da yawa. A irin wannan tsarin mata na zubi duk sati a akwati, akwatin na da kwaɗo uku makullan na hannun mutum uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa, mai so ta ranta ta juya ta dawo da shi, ƙarshen zango a raba. Abin da ya fi burge ni a ciki ba ribar ba ce, yadda mace ke samun bakin magana ne, in an zo roƙo ta ce wallahi suna akwati kuma gaskiya ta faɗa. Adashin da kika sani ma yana wannan aikin, illarsa biyu, uwar adashi in ba ta da amana, da kuma ranar kwasa kowa ya san kin kwasa. In za ki shiga ki riga ki yanke inda kuɗin za su tun kafin ranar, su wuce kai tsaye.

Ke da kike da albashi da waya, ki buɗe asusu na biyu na kasuwa zalla, kuɗin atamfa su shiga can su fita can, kar ki haɗa da na albashi. In kina gudun kuɗin ruwa akwai bankunan Jaiz da TAJ da Lotus. Ki lissafa uwar kuɗinki yau ki rubuta adadin a bangon littafi, wannan adadin ba naki ba ne na kyauta, na kasuwar ne. Daga riba ki yanka wa kanki ladan wahala duk wata kamar yadda za ki biya yarinyar shago, sannan, wannan shi ne mata ke mamaki in na faɗa, ki ware kason zumunci da gangan. A ce ribar wata dubu 100 ce, ki ce dubu 15 ko 20 na Hajiya da dangi da biki ne, ki bayar da hannu biyu ba tare da ƙunci ba, in ya ƙare ya ƙare sai wani watan. Ba a ce ki zama marowaciya ba, an ce kyautarki ta san iyakarta. Mata da yawa sun gaya min a nan ne nauyin ƙirjin ya fara sauka, don sun ga da idonsu a rubuce cewa suna bayarwa.

Ajiyar kuma kar ta zauna a naira kawai. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, wadda ta ajiye kuɗin buhun shinkafa a asusu ta dawo ta tarar ba sa sayen buhun. Ki bar na ko-ta-kwana a banki, abin da zai riƙe ki wata biyu ko uku, sauran ki maida shi gwal da rasit ɗinsa da sunanki, ko kiwo in kina da mai amana, ko fili in ya kai, kuma takardar fili da sunanki ba sunan maigida ko yaya ba, wannan kunyar ta cinye filayen mata ba adadi. Akwai sukuk, wato takardun zuba jari irin na Musulunci, na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 ga mai son abin da ba ruwa. Duk wanda kuma ya ce kawo dubu 50 ki karɓi dubu 100 a wata ki tuna MMM a ƙarshen 2016 da CBEX a 2025 da suka rushe da kuɗin mutane, mace mai jin ba ta iya kuɗi ba ita ce ta fi saurin miƙa wa mai baki.

Batun ƙaninki, shi ne zai fi miki wuya kuma da shi nake so ki fara. Ba faɗa za ki yi ba. Ki kira shi ku biyu, ki ce wane kuɗin nan na kasuwa ne ba nawa ba ne na ci, nawa za ka iya kawowa duk wata, ko dubu biyar ne a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne. In kin ga ba zai iya ba kuma kin zaɓi ki yafe, ki yafe da baki ki ce na yafe amma ba zan ƙara ba da jari ba, ya fi ki yi shiru kina ƙullace da shi shekara goma. Za a yi magana, wataƙila har a kai ƙara wajen Hajiya a ce kin canza, ki shirya wa wannan, yawanci wata biyu ne zuwa uku kowa ya saba da sabon tsarin.

Inda maganata ta tsaya

Duk wannan na faɗa ne don ke kin ce kina samu. Matar da abin da ke shigo mata bai kai na abinci ba, ba tunaninta ne ya hana ta tari ba, babu ce, kuma zalunci ne a ce mata ta gyara zuciya. Haka in rashin kwanciyar hankalin ya wuce batun kuɗi, ba barci, gaba na faɗuwa ba dalili, wannan na likita ne kar a tsaya ana lissafi. Ba ki ambaci maigida ba a tambayarki, in yana sauke nauyinsa kuma ba ya sa ido a naki to ki gaya masa tsarin da kika yi, zai iya zama shi ne garkuwarki wajen dangi. In kuwa shi ne ke karɓe albashin ko ya sakar miki cefane da kuɗin makaranta don ya ga kina samu, wannan ba a warware shi da asusu na biyu, magana ce ta waliyyai da malamai, in ta ƙi kuma kotun shari'a na sauraron ƙarar ciyarwa da ta bashin da ke tsakanin miji da mata, kuma a can abin da za a fara tambayarki shi ne shaida ko rubutu, don haka ko tiransifa kika yi masa ki adana rasit ɗin.